Yadda na sa wa linkin Kawu riga

Saura kwana goma sha biyu a kama azumi Kawu ya kira ni, ya ce in zo shago yanzu-yanzu. Daga Tudun Wada na shiga keke napep na sauka Ƙofar Doka, na ƙarasa cikin birni a kan acaɓa, duk a zatona wani abu ne ya faru a gida. Na tarar da shi zaune a kan tabarma, tabarau ya zamo masa har kan hanci, ya ƙura wa waya ido. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya miƙo min ita.

Sana'ar Kawu manyan riguna ce. Yana sayen shadda, ya kai wa mai zane ya fitar da askar da tambarin, wato siffofin adon da ake ɗinkawa a jikin rigar, sannan ya rarraba wa masu ɗinkin hannu, wasu maza a zaure, wasu mata a cikin gida. In an gama a kai wa mabuga su fito da sheƙinta. Riga ɗaya takan ci watanni kafin ta dawo hannunsa. Ni ne na matsa masa bara na haɗa masa ɗan shafin intanet, da hannuna na rubuta shi, shafi goma sha huɗu, kowace riga da nata. Ina ta alfahari da abin a cikin dangi.

Abin da ya nuna min wani zauren WhatsApp ne na 'yan kasuwa da masu saye. Wani mai sayar da huluna ya tura linkinsa, ya fito da hoton hula tas, da sunan shago da baƙi mai kauri, da ɗan bayani layi biyu. A ƙarƙashinsa ga na Kawu: shuɗin rubutu zalla, dogo, da alamomi a tsakiya.

"Duba nan," in ji shi. "Na mutumin nan ya fito da rigarsa da hularsa. Namu kuwa tsirara, kamar lambar mota. Wa zai taɓa wannan? Ni kaina in aka turo min irinsa ba na taɓawa, sai in ce 'yan damfarar nan ne masu cewa an raba kyautar data."

Ban da abin cewa, domin gaskiya ya faɗa. Mutanenmu sun sha wuya a hannun masu turo linki, har ya zama duk wanda bai nuna fuskarsa ba ana zarginsa. Na ce masa wataƙila sabis ne. Ya ce sabis ɗin da ya kawo hoton hula shi ne dai ya ƙi kawo na riga? Na karɓi wayar na sake turawa zuwa tawa, haka ya fito. Da na koma gida na gwada a wayar ƙanwata, na kuma liƙa shi a Facebook. Can kuwa abin ya fi ban haushi: hoto ya fito, amma na ɗan tambarin allura da zare da na sa a saman shafin, an ja shi ya yi faɗi ya dishe, sannan a wurin suna an rubuta "shafi3", sunan da na ba shafin tun ina gwaji na manta ban canza ba.

Washegari na nufi Samaru wurin wani abokina da muka yi makaranta tare, yana da shagon buga takardu daura da jami'a. Bai ce min komai ba, ya buɗe shafin wata jarida a kwamfutarsa, ya danna Ctrl da U tare. Rubutun da ke bayan shafin ya baje a allo. Ya gangara kaɗan ya sa yatsa a kan wasu layuka da duk suka fara da og da ɗigo biyu. Sannan ya buɗe nawa ya yi haka. Babu ko ɗaya.

Ga yadda na fahimci abin, bayan ya yi min bayani na kuma je na karanta. Kowane shafin intanet yana da kai da gangar jiki. Gangar jiki ita ce abin da mutum yake gani in ya shiga. Kan kuwa na'urori ake rubuta wa, mai ziyara ba ya ganinsa. In ka liƙa linki a dandalin sada zumunta, sai a tura wani ɗan aike na na'ura ya je shafin ya leƙa kan nan, ya nemi suna da hoto da bayani, ya kawo a haɗa ɗan katin da muke gani. Na Facebook sunansa facebookexternalhit. In ya je ya tarar an ajiye masa abin da zai ɗauka, sai ya ɗauka. In bai tarar ba, ko dai ya dawo hannu rabbana, ko ya yi kame-kame ya kwaso duk abin da ya fara cin karo da shi, kamar yadda ya kwaso min allura da zare. Tsarin rubuta waɗannan layuka shi ake kira Open Graph. Facebook ne ya fito da shi a 2010, daga baya sauran manhajoji suka bi, shi ya sa rubutu ɗaya yake yi maka aiki a WhatsApp da Telegram da LinkedIn. Abokin nawa ya ƙara da cewa da can mutum yana iya gyara suna da hoton linki a kan Facebook kafin ya wallafa, amma a 2017 aka toshe wannan ƙofa saboda masu canza kanun labaran jaridu suna yaɗa ƙarya. Tun daga nan gyaran ya koma hannun mai shafi.

Layuka huɗu ne ginshiƙi: og:title na suna, og:type na irin shafin, og:image na hoto, da og:url na adireshin shafin na asali. Sai og:description na ɗan bayani, wanda ba dole ba ne amma kati ba ya cika sai da shi. Da daddare, bayan an kawo wuta, na zauna na rubuta na rigar farko. Layin suna ya kasance haka:

<meta property="og:title" content="Aska takwas a farar shadda, ɗinkin hannu na Zariya">

Sauran ma haka siffarsu take, abin da ke gaban property da abin da ke gaban content kawai ake canzawa. Na ɗora, na liƙa linkin a wayata, ina jiran in ga abin al'ajabi. Suna ya fito, bayani ya fito, hoto babu. Kuma kalmar "ɗinkin" ta koma "É—inkin".

Na fara da harafin, don shi ya fi ci min rai. A jikin shafin dama ban taɓa sa haruffa masu ƙugiya ba, k da d da b kawai nake zubawa saboda lalaci. Sai a wannan daren na ce bari in yi abin kirki tunda na sa allon rubutun Hausa a kwamfuta. Ashe ban gaya wa na'ura da wane tsarin haruffa aka rubuta shafin ba, ita kuma ta karanta ɗ a matsayin haruffa biyu na wani tsari daban. Da na gwada ƙ, "Æ™" ya ba ni. Na yi dariya ni kaɗai. A garin nan namu na Zariya aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan aka yi shekara da shekaru ana jera ƙ da ɗ da ɓ a injin ɗab'i, ga jikan garin ya kasa fitar da su a waya. Maganin layi ɗaya ne, <meta charset="utf-8">, a sa shi can farkon kan shafi kafin komai. Ina sa shi haruffan suka miƙe, na kuma bi shafukan duka na mayar wa kowace kalma ƙugiyarta.

Hoton ne ya wahalar da ni kwana biyu, kuma duk laifina ne. Kuskure na farko, a gaban og:image na rubuta "hotuna/riga1.jpg" kawai, yadda na saba yi a jikin shafi. A cikin gida wannan ya isa, domin shafin ya san inda ɗakin hotunansa yake. Ɗan aike kuwa baƙo ne daga waje. Kamar ka ce wa mutumin da ya sauka a Kwangila yau "gidan yana bayan masallaci" ne, ba ka faɗa masa unguwa ba. Dole a rubuta cikakken adireshi tun daga https:// har zuwa ƙarshen sunan hoton. Da na gyara, Facebook ya nuna hoto, WhatsApp ya ƙi. Nan ne kuskure na biyu: hoton yadda waya ta ɗauka na ɗora shi, nauyinsa ya haura megabait huɗu. WhatsApp ba ya ɗaukar hoto mai nauyi haka don kati. Na rage shi ya dawo ƙasa da kilobait 300, sai ga shi ya bayyana.

Da ya bayyana ɗin sai wata matsalar ta fito, wadda ba ta kwamfuta ba ce. Duk hotunan da na ɗauka a tsaye suke, ɗan Kawu ya sa riga ya tsaya jikin bango. Katin Facebook kuwa a kwance yake, girman da aka fi so shi ne fiksel (ƙananan ɗigon da suke haɗa hoto) 1200 a faɗi, 630 a tsayi, wato faɗin ya kusa ninka tsayin. Sai aka yanke kan yaron da ƙafafunsa, aka bar cikinsa kawai. A WhatsApp kuma wani lokaci ɗan ƙaramin hoto mai kusurwa huɗu daidai yake fitowa a gefe, an ɗebo shi daga tsakiyar hoton. Duk wanda ya san babbar riga ya san aikin ba a tsakiya yake ba. Askar tana kan aljihu ne, ta ɓangaren hagu na ƙirji, ta haura wajen wuya. Abin da ya fito a ɗan hoton farar shadda ce fili da gefen linzami, wato adon bakin wuya, aikin wata uku yana waje.

Na koma shago da safe, lokacin da rana ba ta yi zafi ba. Muka shimfiɗa sabuwar tabarma a tsakar gida, muka baje rigar. A nan na lura da abin da ban taɓa kula da shi ba duk tsawon zamana da Kawu: babbar riga in an baje ta faɗinta ya fi tsayinta, kamar don katin nan aka yanka ta. Na hau kujera na ɗauka daga sama. Amma da na duba, rigar ta shiga duka, askar kuma ta zama ƙanana, ba a bambance ta da aikin inji. Kawu ya karɓi wayar ya duba, ya ce, "Mai saye ba faɗin shadda yake nema ba, ya san faɗinta. Hannu yake so ya gani." Sai na sauko na matso, na sa aljihun a tsakiyar hoto, tsinin askar takwas ɗin suna kallon ƙasa, ana ganin yadda zaren ya hau kan zare, har ɗan rashin daidaiton da ke nuna ɗan Adam ne ya yi da allura. Na bar fili dama da hagu don ko an yanke kada a taɓa aikin. Wannan hoton shi muka tsayar, kuma haka muka yi wa sauran goma sha ukun, muna gamawa ana kiran azahar.

Suna da bayani ma sai da muka yi ja-in-ja. Kawu ya so a fara da sallama, a bi da sunan shago da na mahaifinsa da ya gada, sannan a ce ana maraba da masu saye na kusa da na nesa. Na rubuta yadda ya ce na nuna masa a waya. Katin ya ɗauki sallamar da rabin sunan shago, ya sa ɗigo uku, ya yanke. Ba a kai ga ambaton riga ba. Ya yi shiru, ya ce to ai sallama a saƙo ake yi, in bar kati ya faɗi kaya. Muka dawo kan suna gajere da ya fara da irin aikin, bayani kuma jimla ɗaya ko biyu: irin shaddar, launin zaren, da cewa ana aikawa ko'ina. Sunan shagon na sa shi a og:site_name, wurin da aka tanadar masa.

Na ɗauka an gama. Na kwafi layukan rigar farko na zuba a sauran shafukan, ina canza suna da hoto da bayani. Da na gwada a Facebook, kowane linki na liƙa sai farar rigar nan ta fito: na shuɗiya ita, na aska biyu ita. Na duba rubutuna sau uku ban ga aibu ba. Abokina na Samaru ne ya ce in shiga Sharing Debugger, wani shafi da Facebook ya tanada don masu irin wannan aiki. Kana liƙa linki ya nuna maka abin da ɗan aiken ya gani, da lokacin da ya je, da abin da ya rasa. Nan na ga inda gizo ke saƙar. Ban canza og:url ba, duk shafukan suna cewa adireshinsu na asali shi ne na rigar farko. Ɗan aiken kuwa in ya karanta haka sai ya bar shafin da aka aike shi ya tafi wancan ya kwaso kayansa. Na bi ɗaya bayan ɗaya na ba kowa adireshinsa.

Na gyara, na sake liƙawa, farar riga dai. A nan na kusa jefar da kwamfutar. Ashe Facebook ba ya zuwa shafi duk lokacin da aka tura shi. In ya je sau ɗaya sai ya adana abin da ya gani, ya riƙa bayar da shi har zuwa wani lokaci. Akwai maɓalli a Sharing Debugger mai suna Scrape Again, shi ne yake tilasta masa ya koma ya sake dubawa. Sau goma sha huɗu na danna shi a daren. Hoto kuma da adireshinsa ake gane shi, don haka in ka canza hoto ka bar masa tsohon suna, tsohon za a ci gaba da nunawa. Sai ka ba sabon wani suna daban, tsohon kuma ka bar shi a wurinsa saboda abin da aka riga aka wallafa da shi. Na kuma ƙara og:image:width da og:image:height, domin in ba su, wanda ya fara tura sabon linki yakan ga kati babu hoto, sai na bayansa su gani.

X, wanda da ake kira Twitter, bai ɗau lokaci ba. Layi ɗaya na ƙara, twitter:card da summary_large_image a gabansa, sauran ya ɗauka daga na og. Telegram kuma yana da wani ɗan aike da ake tura wa linki ya sabunta katin. Kawu ba ya amfani da ko ɗaya daga cikinsu, na yi ne don kada a ce ban yi ba.

WhatsApp shi ne kasuwarmu, kuma halinsa daban ne. Wayar mai turawa ce take zuwa shafin ta haɗa katin, sannan ta cusa shi cikin saƙon. Wannan ya bayyana min wani abu da ya ɗaure min kai: bayan duk gyaran nan, Kawu ya kira ni ya ce har yanzu tsirara yake fita a wurinsa. Da na je na tsaya a kansa na ce ya tura in gani. Yana liƙawa ya danna turawa, ko numfashi bai yi ba. Na ce, "Kawu, ka ɗan dakata. In ka liƙa ka jira sai hoton ya fito a saman wurin rubutu, sannan ka tura." A cikin shagon nan mai katangar ƙasa sabis ba ya da ƙarfi, sai an ƙirga kamar biyar ko shida. Wayarsa kuma ta riƙe tsohon katin wasu shafuka, sai na koya masa ƙara ?v=2 a ƙarshen linki, wayar ta ɗauka sabo ne ta sake zuwa ta duba. Ya rubuta abin a bayan littafin bashi.

Wannan hali na WhatsApp shi ya jawo mana rigimar da ta fi kowace. Da nake rubuta bayanin riguna na sa farashi a ciki, a ganina hakan zai rage yawan tambaya. Ana tsakiyar azumi shadda ta tashi, masu ɗinki ma suka ƙara kuɗin hannu, Kawu ya ƙara wa riguna kuɗi. Na gyara a shafi, na gyara a og:description, na danna Scrape Again, hankalina kwance. Ana saura kwana shida Sallah wani Alhaji ya kira daga Kaduna yana son shuɗiyar. Kawu ya faɗa masa kuɗi. Alhaji ya ce ba haka aka rubuta ba, ya ɗauki hoton allon wayarsa ya turo. Ga katinmu nan, hotonmu, sunan shagonmu, da tsohon farashi ɓaro-ɓaro. Saƙon farkon azumi ne, wani ya tura wa wani, wani ya tura wa wani, har ya isa gare shi jiya-jiya. Katin da ya riga ya shiga saƙo ba ya canzawa, ko me ka gyara a shafi. Magana zarar bunu ce.

Kawu bai yi musu da shi ba. Ya ce tunda da sunansa aka rubuta, ya sayar a haka. Ribar rigar ta tafi, har da ɗan ƙari. Da ya ajiye waya bai yi min faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Cewa kawai ya yi, "Kai ɗana, ka taɓa ganin na ɗinka farashi a jikin riga?"

A daren na bi shafukan goma sha huɗu na cire duk wani adadi daga katin. Na cire "saura guda biyu" da na sa a wata, na cire "rangwamen azumi" a wata. Abin da na bari shi ne abin da ba zai canza ba ko bayan shekara: aska nawa ce, wace shadda, wane zare, aikin hannu ne, daga Zariya. Farashi yana cikin shafi, inda in na gyara kowa zai ga gyaran. Rigar da aka sayar kuma ba na goge shafinta, sai in rubuta a ciki cewa an sayar, ana iya yin irinta, domin linkinta yana nan yana yawo a wayoyin da ban sani ba.

Bayan Sallah da mako biyu na leƙa shago na tarar wata tsohuwa ta aiko jikanta da riga da aka gama, ruwan ƙasa da zare mai ruwan zuma. Kafin in zauna Kawu ya riga ya sa yaron shago ya ɗauko tabarmar nan ya shimfiɗa a tsakar gida. Yana tsaye yana ba da umarni: a juyo aljihun tsakiya, a bar fili dama da hagu, a jira gajimaren can ya rufe rana. Da aka ɗauka ya duba, ya ce a sake, inuwar yaron ta hau kan tambari. Sannan ya juyo gare ni ya ce akwai huluna ashirin da biyu a cikin akwati, su ma kowace yana so a yi mata nata katin kafin Babbar Sallah.